Ranar da Bawa Ya Ƙetare da Matan Ruga

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki kin sauka Kalgo lafiya, kin tarar da Goggonki Tumba da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Ranar da kika durƙusa gaban mahaifinki Malam kika ce kina son ki je Kalgo ki taya jam'iyyarku yaƙin neman zaɓe kafin a koma makaranta, kin ga ban ce komai ba, na ci gaba da tankaɗena. Ƙila kin ɗauka ban so ba ne. Mamaki ne ya rufe mini baki, don na ji ki kina magana da irin zafin da ni ma na taɓa yi masa magana da shi a kan wannan al'amari. Kuma akwai abubuwan da ba zan iya gaya miki ido da ido ba. A takarda zan iya. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta a natse, don tana da tsawo.

Lokacin kina yarinya, ba za ki tuna da yawa ba. An tura Malam koyarwa Kalgo, muka tashi daga Gwandu muka zauna kusa da gidan Goggonki. A lokacin ne zaɓen farar hula na biyu ya gabato, wanda aka yi da damina. Ku yaran yanzu kun taso kun ga mata suna jefa ƙuri'a, kuna ganin haka duniya take tun farko. Ni kuwa uwar da ta haife ni ba ta taɓa ganin akwatin zaɓe ba har ta koma ga Allah. A ƙasarmu ba a daɗe da fara barin mata su yi zaɓe ba, kuma da yawa daga cikinsu, musamman na ƙauye, ba su fita a na farkon ba.

Goggo Tumba ce shugabar matan jam'iyyarmu a yankin. Tana neman wadda ta iya karatun boko kuma tana jin Fillanci, don akwai rugage a bayan Wurogauri, ƙetaren fadama, waɗanda ba wanda ya taɓa zuwa ya yi wa matansu magana. Ni na yi firamare a Dodoru, Fillancin kuma na tsince shi a bakin kakata. Ta zo ta roƙi Malam, ni ma na roƙe shi, ya ce in je, amma kada magariba ta same ni a waje.

Zuwana na farko, na sha ado. Na ɗaura atamfar jam'iyya mai hoton ɗan takara gaba da baya, na riƙe takardar gwaji da ke nuna inda ake dangwala yatsa. Tun daga bakin shinge na fara magana. Ban gama sallama da kyau ba na shiga yabon ɗan takararmu, da karatun da ya yi, da wutar lantarkin da zai kawo. Matan suka ci gaba da aikinsu. Wata na kaɗa nono, wata na wanke ƙore, wata na yi wa ƙanwarta kitso. Ba wadda ta kore ni, ba kuma wadda ta ɗago ta dube ni. Da na gaji na yi shiru, sai wata tsohuwa da ke zaune a inuwa ta turo mini tabarma, ta ce a dama mini fura. Ita ce Dada Hafsi, wadda duk matan rugagen ke jin maganarta. Ta tambaye ni ɗiyar wa ce ni, daga ina na fito, wane ne mijina, 'ya'yana nawa. Da na ce kakata 'yar Ceberu ce, ta gyara zama, ta dinga jero mini gidajen Ceberu tana tambayar wa ke raye wa ya rasu. Har rana ta yi sanyi ba a sake ambaton ƙuri'a ba. Na koma gida ina ganin na yi asarar yini.

Goggonki ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in koma, amma in bar atamfar a gida. Na koma ranar wani suna, na koma gaisuwar rasuwa, na koma duba wata mai jego. A hankali suka fara gaya mini abin da ke damunsu. Ruwan sha da rani, wanda sai sun yi tafiya mai nisa. Mace mai naƙuda da ake ɗora wa a jaki a nufi gari da ita, wani lokaci a kai, wani lokaci ba a kai ba. Burtalin shanu da gonaki ke ta cinyewa. Ba mace ɗaya da ta ambaci lantarki. Na zauna ina sauraren matan da na zo in wayar wa kai, na tarar sun san abin da suke so sarai, kawai ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su.

Saboda haka, Balki, in kin shiga gida, ki fara zama. Ki gaida manya da sunansu, ki sha abin da aka ba ki ko ba ki jin ƙishirwa, ki tambayi lafiyar yara. Takardar shaidar malanta da kika samu ba ta nufin kin fi matar da ke daka sanin rayuwarta. Ki bari su riga ki magana.

Kuskurena na biyu daɗin baki ne ya jawo shi. Da na ga sun saki jiki da ni, wata rana ana maganar ruwa, sai na ji bakina ya ce in ɗan takararmu ya ci, za a haƙa musu rijiya kafin rani. Ba wanda ya aiko ni da wannan magana. So nake in ga sun yi murna, kuma sun yi, har da guɗa. Dada Hafsi kaɗai ba ta yi ba. Ta bari hayaniyar ta lafa, ta dube ni ta ce, "Ke za ki haƙa, ko shi?"

Na ce shi.

Ta ce, "To shi ba mu san fuskarsa ba sai a zane. Taki muka sani."

Na kai maganar ga Goggo, ita ta kai ta ga manya, suka ce ba komai, za a duba. Kin san abin da "za a duba" ke nufi. Kada ki taɓa ɗaukar alkawari da sunan wani. Ki faɗi abin da kika ji da kunnenki, ki ce ga wanda ya faɗa. Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Ɗan takara zai wuce a mota, ke ce za ki ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a kasuwa da wurin biki har tsufanki.

Yanzu zan gaya miki ranar babban taro, don na san za ki ga irinsa, kuma ina son ki san abin da yake yi wa zuciyar mutum.

An yi shi a filin da ke kusa da kasuwar Kalgo. Balki, ban taɓa ganin mutane haka ba, ban kuma sake gani ba. Tun da hantsi suke kwararowa ta kowace hanya, a ƙafa, a jaki, a keke da tuta ɗaure a baya, a manyan motoci cike har saman kai. Manoma suka bar noma a tsakiyar damina, da taɓon gona a ƙafafunsu. Tsofaffin da na ɗauka ba sa iya fita ƙofar gida, ga su nan da sandunansu. Makaɗa suna ta kowane gefe, kiɗan wannan na shiga cikin na wancan, ƙasa kanta sai ka ji tana motsi. Na tsaya a gefen mata na rasa abin da zan kalla. Tsigar jikina ta tashi, na ce a raina, ashe haka talakawa suke da yawa. Kullum muna warwatse a gonaki da ɗakuna, kowa yana ganin shi kaɗai ne. Ran nan na gan mu wuri ɗaya, hawaye suka zubo mini ban san dalili ba.

Da aka zo kan jawabin mata, muryar Goggonki ta riga ta dishe saboda yawo. Ta kamo hannuna ta tura ni gaba, aka miƙo mini abin magana. Na ce assalamu alaikum. Sai na ji muryata ta fita ta lasifika, ta ratsa filin nan, ta bugi rumfunan kasuwa, ta dawo mini. Jama'ar nan duka suka amsa da baki ɗaya. Ni da ko a gidanmu ba na ɗaga murya gaban manya. Na yi maganar ruwa da ta masu naƙuda, aka yi tafi. Da na tsaya nan, da na yi abin kirki.

Amma tafin ya shiga kaina. Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ɗan gidan masunta ne. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, ni kuma nan take wani baiti ya zo mini, na zambo, a kan ƙarnin kifi da wanda bai kamata ya zauna kujerar mulki ba. Ba zan rubuta miki shi ba. Na rera shi, filin ya ɗauka, mata na guɗa, samari na tsalle. Na sauko ana ta rungumata, ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A bakin filin akwai masunta da suka kawo kifi kasuwa. Cikinsu har da Bawa, mai jirage a bakin gulbi, wanda shi ne jagoran ɗaya jam'iyyar a unguwarsu. Matarsa ce ke kawo mana kifi gida, ta sha yi miki kitso in ina aiki. Daga ranar ba ta sake shigowa ba. Malam bai yi mini faɗa ba. Bayan ya dawo masallaci ya zauna ya ce, "Mutanen da kika yi wa waƙa, sahu ɗaya muke tsayawa da su." Ya tashi ya fita.

Ki ji tsoron abin maganar nan in an miƙo miki shi. Abin da za ki ji kunyar faɗa wa mutum ke da shi a zaure, kada ki faɗe shi a lasifika. Ki soki aikin ɗan takara in ya yi ba daidai ba, amma ki bar asalinsa da sana'ar iyayensa, don bayansa akwai dubban mutanen da ba su yi miki komai ba.

Sai ranar zaɓe ta zo. Kwanakin da suka gabace ta an yi ruwa kamar ba za a daina ba. Rumfar zaɓen mutanen ruga tana makarantar Wurogauri. Muka fita da sassafe ni da Goggo a motar jam'iyya don mu kwaso matan, muna isa bakin fadama direba ya taka birki. Hanyar da na saba bi da ƙafa babu ita. Ruwa ne ja, shimfiɗe, yana tafiya da karare da rassa, bishiyoyi sai kawunansu ake gani. Mazan ruga sun saba, wasu sun riga sun ƙetaro da iyo, rigunansu ɗaure a ka. Mata fa, da goyo da tsofaffi?

Na hango su a ɗaya gefen. Sun fito, Balki. Duk sun fito. Sun yi layi a bakin ruwa cikin zannuwansu na zuwa biki, 'yan kunnensu na ƙyalli, kowace ta yi kitso sabo. Matan da wasunsu ba su taɓa zuwa ko'ina ba sai tallan nono. Sun ga motarmu, sun tsaya suna jira, don na ce musu zan zo. Na tsaya hannuna a ka. Duk zirga-zirgar da na yi, ga ta can ƙetaren ruwa, ba yadda zan yi.

Muna nan tsaye sai ga jirage suna tahowa daga ɓangaren gulbi, da tutar ɗaya jam'iyyar a kan na gaba. Bawa ne da 'yan'uwansa, sun kwaso mutanensu daga tungayen masunta. Suka sauke su. Na ja mayafina na rufe fuska, na koma bayan Goggo. Wasu samarin jam'iyyarsu da ke bakin ruwa suka gane abin da ke faruwa, suka fara dariya. Suka ce wa Bawa ya ɗaure jiragensa ya zo ya yi zaɓe, waɗancan ƙuri'un abokan hamayya ne, Allah ne Ya tsare su da ruwa. Wani ma ya tuna masa waƙar, ya nuna ni da hannu.

Goggonki ta gyara ɗaurin zane za ta je ta roƙi Bawa. Bai jira ta ƙaraso ba. Ya daɗe yana kallon ƙetare, sannan ya juya ga samarin ya ce, "Ubana bai taɓa tambayar mutum ko na wane ne kafin ya ɗauke shi a jirgi ba. Ni ma ba yau zan fara ba."

Ya cire tutar daga kan jirgin, ya naɗe ta, ya cusa ƙarƙashin mazauni. Daga baya na gane dalilinsa: ba ya son matan su ɗauka shiga jirginsa na nufin dole su zaɓi nasa. Sannan ya dubi inda nake ɓoye ya ce, "Matar Malam, shigo. Ba su san ni ba. Sai sun gan ki za su yarda su hau."

Ni 'yar tudu ce, ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Na shiga na zauna na damƙe gefe da hannu biyu. Ya sa gora ya tura. Da muka kai tsakiya ruwan ya fara jan mu, jirgin ya karkata, na rufe ido ina salati. Shi kuwa yana tsaye a baya kamar a tsakar gidansa, yana karanta ruwan, ya kauce nan ya bi can. Cikin jirgin duk ɓawon kifi ne da ruwan kifi, zanena ya jiƙe da shi. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki yi haƙuri da ƙarnin. Haka jirgin masunta yake."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, ran nan da har abada. Babu faɗa a muryarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka isa, matan suka ja da baya, suna kallon jirgin suna kallon ruwan. Dada Hafsi ce ta fara takowa. Ta miƙa wa Bawa sandarta, ya riƙe mata hannu ta shiga, ta zauna ta miƙe wuya kamar ta saba. Sauran suka biyo. Haka aka dinga yi, a je a dawo, shi da 'yan'uwansa, ni kuma ina bin kowane sawu don masu tsoro. A cikin jirgi ba mai magana, sai ƙarar gora da kukan jarirai da muryar tsofaffi suna salati ƙasa-ƙasa. Samarin da suka yi dariya suka daina. Da rana ta take, na ga biyu daga cikinsu sun shiga ruwa har gwiwa suna karɓar goyo suna miƙa wa iyayensu a tudu.

Na sha zuwa wa'azi, na sha jin labarin mutanen kirki na da. Ban taɓa zaton zan ga irinsu da idona ba, a jiƙe, da tsohuwar riga, yana haki, yana kwaso ƙuri'un da ya yi imani ɗan takararsa za su kayar. Sai da mace ta ƙarshe ta taka tudu sannan ya ɗaure jirgi ya tafi ya shiga layi, ana dab da rufewa. Bayan an gama kuma ya mayar da su duka.

Na tsaya a bakin makaranta ina kallon matan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana duban tawadar da ke babban yatsanta. Wasu na dariya, wasu na ɓoye hannu cikin zane kamar sun ɗauko wani abu mai tsada. Da Dada Hafsi ta fito na tare ta da murna, na tambaye ta ko ta dangwala a inda na nuna mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, ba ke kika ce mana a ɓoye ake yi ba?" Ta wuce ta nufi jirgi. Har ta rasu ban san wa ta zaɓa ba. A lokacin na ji haushi. Yanzu in na tuna sai in ga a cikinmu duka ita ta fi fahimtar abin da aka je yi.

Ɗan takararmu ya ci. Aka yi kiɗa, aka yi rawa. Ba a yi wata nawa ba soja suka karɓi mulki, aka rufe ofishin jam'iyya, aka shafe alamar da ke bango da farar ƙasa. Manyan da muke yi wa guɗa wasu aka tsare su, wasu suka yi shiru a gidajensu. Rijiya ba a haƙa ba. Atamfar nan ta zama tsumman goge ɗaki. Amma baitin da na yi bai mutu ba. Shekaru bayan haka, mun riga mun dawo Gwandu, na je Kalgo biki, na ji yara a bakin kasuwa suna rera shi suna tsokanar 'ya'yan masunta, ba su ma san wa ya yi shi ba, ba su san an taɓa yin wata jam'iyya ba. Na je gidan Bawa a wannan zuwan na ba matarsa haƙuri. Ta ce komai ya wuce, ta kawo mini abinci, muka ci tare. Da Bawa ya rasu na je gaisuwa, na tarar da matan ruga cike da tsakar gidan, sun zo da ƙoren nono.

Ban rubuto miki wannan don in sanyaya miki gwiwa ba. Da za a mayar da ni, zan sake zuwa. Duk da rijiyar da ba a haƙa ba, matan nan ba su sake zama a gida ranar zaɓe ba, kuma 'ya'yansu mata biyu suna makarantar da kika gama. Abin da kika tafi yi abu ne babba, ya fi ɗan takararku girma, ya fi jam'iyyun nan biyu da soja suka kafa muku. Ki yi shi da zuciya ɗaya.

Sai dai naku ya fi namu wuya ta wani gefen. Mu a ɓoye muka yi. Ku an ce layi za a yi a bayan hoton ɗan takara, abin da mutane ke kira ƙato bayan ƙato, kowa yana ganin kowa. Matar da kika sha furarta za ki iya ganinta a ɗaya layin. Kada fuskarki ta canja. Ba ki san mijin da za ta koma wa ba, ba ki san mai gonar da suke aro ba, kuma mai yiwuwa ne kawai ta fi ki gaskiya. Ki gaishe ta kafin a ƙirga, ki gaishe ta bayan an ƙirga. In an ba ki sabulu ko gishiri ki raba, kada ki sa kowa rantsuwa a kansa, kada kuma ki tsallake gida don an ce na 'yan hamayya ne.

Ke budurwa ce, ni kuwa da aurena na yi, don haka ki ƙara kiyayewa. Kada ki shiga motar kowane babba ke kaɗai, ko da ya girmi Malam. Duk taron da aka ce sai bayan magariba, ki ce Goggonki na jiranki. In kin ga samari sun fara tara duwatsu ko sanduna, ki janye matan da kika kawo ku bar wurin, ba a jiran ganin ƙarshe. Kada yawo ya sa ki haɗa salloli. In an koma makaranta ki koma ajinki, ko an ci ko an faɗi, ko an yi miki tayin wani abu. Ki dinga cin abinci kafin ki fita, na san halinki.

Abu na ƙarshe, gara ki ji daga gare ni kafin wani ya kawo miki. Ranar zaɓe ni ma zan fita a nan Gwandu. Na saurari naku, na saurari na ɗayan, na yi tunani iyakar iyawata, kuma ba a layinku zan tsaya ba. Malam ya sani, ya yi dariya ya ce gidansa ya zama majalisa. Kada ki ji nauyin wannan, kada kuma ki rage ƙoƙari saboda ni. Ki je ki kayar da mu in kin iya. In kin dawo, ko ke ke murna ko ni, tuwonki na nan a rufe, za mu zauna ki ba ni labarin abin da idonki ya gani.

Ki gaida Goggonki, ki yi mata biyayya, ki taya ta aikin gida kada ki zama baƙuwa. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na baki. Ya tsare harshenki daga cutar da bayinSa. Ya sa a yi lafiya a gama lafiya, Ya zaɓa wa ƙasar nan abin da ya fi alheri ko da ba shi muke so ba. Ya dawo mini da ke da mutuncinki. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki